Yayana, Mai Aron Filin 'Yan La'asar

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar yayana ta zo bayan aikin Hajjin bana, lokacin da alhazai suka fara ɗaure kaya, gari ya fara komawa hannun mazaunansa. Aka sallace shi a Harami, muka kai shi maƙabarta muka dawo. A Makka ba a rubuta suna a kan kabari. Aikina na yi wa alhazai tafinta ya kai ni ƙasashe da dama. Na ga maƙabartar Istanbul inda ake sassaƙa wa mamaci dutse har da siffar rawaninsa, na ga ta Jakarta inda iyali ke zuwa da furanni. Mu a nan ɗan dutse ne kawai, babu ko harafi, in ka koma baɗi da wuya ka ce ga wurin. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani game da shi tun ina iya tunawa, domin ni ma na kwana biyu a duniya.

An jera kujerun zaman makoki a lungunmu na Hindawiyya, tsakanin Magariba da Isha kamar yadda aka saba. Ban yi zaton jama'a haka ba. Yaya mai tsire ne, abin da mutanen Hijaz ke kira sire. Bai taɓa riƙe muƙami ba, bai taɓa hawa jirgi ba, ko Kanon da iyayenmu ke ba mu labari bai gani ba. Amma sai da aka aro kujeru daga lungu na gaba. Tsofaffi suna cewa, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa." Matasa kuwa su dafa kafaɗarka su ce, "Azzamallahu ajrakum," su wuce. Yawancinsu ba danginmu ba ne. 'Yan ƙwallo ne, na da da na yanzu, na wata ƙaramar ƙungiyar unguwa da Yaya ya riƙe shekaru sama da arba'in, wadda ake kira 'Yan La'asar.

Su duk Baba suke kiransa. Wani direba mai furfura ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Baba ya taɓa cire ni daga wasa saboda na zagi alƙali, alhali ni ke shirin cin ƙwallo. Har yau ban yafe masa ba." Yana faɗa yana share hawaye da gefen ƙyallen kansa. Can baya waɗansu biyu suna gardama ƙasa-ƙasa kan ko wata ƙwallo ta shiga raga ko ba ta shiga ba, a wasan da aka yi tun kafin a haifi 'ya'yansu, sai da limamin unguwa ya yi gyaran murya. Tsohon mai tsaron gidan ƙungiyar, wanda yanzu yake gyaran firji, ya karɓe butar gahawa yana zagayawa da ita.

Ana cikin haka aka ce matar Yaya tana kirana. Ta zauna bayan labule, tana takaba. Tun tana amarya "Mai yawo" take ce mini, mutuwar ma ba ta sa ta daina ba.

"Mai yawo, ka zauna kenan, ko akwai jirgin da ke jiranka?"

"Na zauna, Hajiya."

"To. Bana bai je Zahir ba."

Na gane nan take. Filin da 'Yan La'asar ke wasa a Kudai ba nasu ba ne. Na wani tsoho ne da ke zaune a unguwar Zahir. Duk lokacin Hajji yana ba da shi haya ga masu motocin jigilar alhazai. In motoci suka tashi, Yaya zai gasa tsire ya kai masa, ya roƙi aron filin na shekara ɗaya. Ɗaya tak, kuma da baki. Bana ciwo ya kwantar da shi tun kafin hawan Arfa. Ma'ana, a ranar da muke zaune, ƙungiyar ba ta da inda za ta sa ƙafa.

Na ce, "Ɗanku ya sani?"

"Ya san ubansa yana kai tsire Zahir. Yana tsammanin ziyara ce."

Na fito na koma kujerata. Kusa da ni matasa suna ta shirin yadda za su ɗauko kofin gasar azumi mai zuwa don tunawa da Baba, wa zai buga gaba, wa zai koma baya. Na zauna ina sauraron su.

Ƙungiyar ta fara ne a kan gangaren da ke bayan gidan mahaifinmu, da ƙwallon tsumma da duwatsu a madadin raga. Ba su raɗa wa kansu suna ba. Mutanen unguwa ne suka ga da an sallame sallar La'asar suna fitowa daga masallaci a guje, takalma a hannu, sai sunan ya bi su. Filin nan na farko raga ɗaya tana sama ne, ɗaya tana ƙasa. Wanda ke hawa sai ya yi ƙoƙarin kada a ci shi da yawa, ya jira a juya. Har yau 'Yan La'asar suna da wannan hali ko a shimfiɗaɗɗen fili: su yi sanyi kafin hutu, su farka bayansa, kamar har yanzu gangaren yana nan.

Gaskiya ita ce Yaya bai iya ƙwallo ba. Ƙafarsa ta hagu ta tsayuwa ce kawai, ta daman ma ba a yi mata shaida ba. In ana zaɓen 'yan wasa shi ake bari ƙarshe, sai aka miƙa masa usur don kada ya yi fushi. Da usur ɗin nan ya tsufa. Shi ne koci, shi ne mai ɗinke raga, shi ne mai kawo ruwa, shi ne mai raba faɗa.

Gangaren ya zama benen saukar alhazai. Suka koma wani fili, titi ya bi ta kansa. Na uku kuwa sun zo ne wata La'asar suka tarar an kewaye shi da kwano, sandunan ragarsu a jefe a waje. Na tuna Yaya ya tsaya ya daɗe yana kallon kwanon nan. Da daddare muna cin tuwo ya ce, "Ba laifinsu. Ba mu taɓa tambayar kowa ba." Daga nan ya ga wani kangon fili a Kudai, ya shiga neman mai shi, daga mai gadi zuwa dillali, daga dillali zuwa wani dillalin, har ya kai Zahir. Ya tafi da tsire ne domin ba shi da wani abin da zai riƙa. Mai filin ya ci, ya sha shayi, ya ce, "Shekara ɗaya." Haka aka fara, haka kuma aka zauna.

Yana da dokoki a kan wannan aro, bai kuma taɓa sassauta su ba. Shi kaɗai yake zuwa. Yakan sa farar riga wankakkiya, ya shafa turare sosai don kada ya shiga gidan mutane yana warin hayaƙi. Kuma kafin ya dawo daga Zahir, ba wanda zai taɓa filin, ko kwalba ɗaya ba za a tsince ba. Yakan ce, "In ka share wuri kafin a ba ka, ka gaya wa mai shi naka ne." In ya dawo ba ya cewa an ba mu. Sai dai ya ɗaga kai daga kan gawayi ya ce, "Gobe kowa ya zo da buhu." Yawancin 'yan wasa iyakar abin da suka sani kenan: akwai wata rana bayan Hajji da Baba ke cewa a zo da buhu.

Na sha tsayawa kallon wannan shara. Su jeru kafaɗa da kafaɗa daga wannan bango zuwa wancan, suna tafiya a sunkuye, suna tsintar fasassun kwalabe, da robobin ruwa, da silifa wari-wari da alhazai suka yar. Inda motoci suka ɗigar da baƙin mai, a zuba yashi. A Omdurman na ga 'yan unguwa suna yayyafa wa filinsu ruwa da keken jaki. A Abidjan na ga filin da ruwan teku ke cinyewa ya maido. Ban taɓa ganin filin da alhazan duniya ke karɓewa duk shekara su bar wa 'yan ƙwallo takalmansu ba sai namu.

A kan wannan fili muka yi faɗa mafi girma da ni da shi. Na dawo daga Turkiyya, inda na ga ƙungiyoyin unguwa da ba su fi tasa ba suna da shugaba da mataimaki da yarjejeniyar fili a rubuce. Na same shi a rumfarsa na zayyana masa.

"Takarda?" ya ce, yana juya tsinke. "In na ce takarda zai kira 'ya'yansa. 'Ya'yansa su kira lauya. Lauya ya gaya masa abin da filin zai kawo. Yanzu shi tsoho ne da ke cin tsire sau ɗaya a shekara, yana jin daɗin yara suna wasa. Kada ka tashe shi."

"To ka roƙi shekara biyar."

"Ba a roƙon shekara biyu, balle biyar."

"Ran da ka mutu fa, Yaya?"

"Ran nan sai ka sauko daga jirgi ka je."

Raina ya ɓaci, na ce masa abin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba ƙungiya ba ce, rumfar tsire ce. Ya naɗe mini tsire a takarda kamar yadda yake yi wa baƙo, ya miƙo mini. Muka yi watanni sai gaisuwa, har sai da gwaggonmu, Allah Ya jiƙanta, ta tara mu ta ce ita ba ta taɓa ganin gemu biyu suna gaba a kan tamaula ba. Har yau ina ganin ina da gaskiya a maganar nan. Sai dai ban taɓa riƙe gaskiya marar daɗi irinta ba.

Ba fili kaɗai yake ara ba. Bai taɓa sa ɗan wani a ƙungiya ba sai ya je gidansu, ya yi sallama, ya ce wa uban ko uwar, "Na zo aron ɗanku, daga La'asar zuwa Magariba." In aka ce a'a, ko ɗan nan ƙwallo na manne masa a ƙafa, ba zai sa shi ba. Haka ya yi da mai tsaron gidan da na ambata. Ya zo Makka ne da mahaifiyarsa daga Chadi ta hanyar Sudan, saurayi dogo, siriri, Hausarsa ta bambanta da tamu. Mu nan akwai abin da ba mu cika son faɗa ba. Waɗanda kakanninsu suka zo tun da daɗewa suka zama 'yan ƙasa, da waɗanda suka zo daga baya, sahu ɗaya muke bi a masallaci, amma a bakin ƙofa kowa ya san inda yake tsayawa. Waɗansu 'yan wasa suka ce wannan ba ɗan unguwa ba ne. Yaya ya ce, "Ni hannunsa na gani." Mutum biyu suka bar ƙungiyar, cikinsu har da wanda ya fi kowa cin ƙwallo. Yaya bai bi su ba. Ya sa farar rigarsa ya tafi ɗakin da uwar take haya. Ta gaya mini da bakinta daga baya cewa tun zuwanta garin shi ne mutum na farko da ya zo roƙonta wani abu.

Wannan mai tsaron gida shi ya kawo musu kofi ɗaya da suke alfahari da shi. A gasar azumi ta unguwanni suka kai wasan ƙarshe, suka haɗu da wata ƙungiya da wani ɗan kasuwa ke yi wa riguna da takalma iri ɗaya. Mu kuwa rigunan ne kawai suka yi kama da juna, su ma ba sosai ba. Aka ci su kafin hutu, suka farke bayansa kamar yadda suka saba, aka tashi kunnen doki, aka je bugun fenareti. Mai tsaron gidan ya tare na ƙarshe da gwiwa. Yaya bai gani ba. Ya juya wa fili baya yana gyara gawayin da bai buƙatar gyara, sai da ya ji an ɗaga shi sama. Kofin yana nan a ɗakin matarsa, daddawa take ajiyewa a ciki domin murfinsa yana rufuwa da kyau.

Sauran nasarorin ba su da yawa, ba zan kuma ƙara musu gishiri ba. Wani ɗan wasansu ya samu shiga babbar ƙungiya, ya yi kaka guda a benci, aka nuna shi a talabijin yana ɗaure takalmi, unguwa ta yi mako tana maganar. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe sau da dama. Akwai shekarar da ba su ci wasa ko ɗaya ba. In ka tambayi Yaya abin da ƙungiyar ta cimma, ba ya fara da kofi. Cewa yake, "Ba a taɓa kiran 'yan sanda filinmu ba, kuma duk ɗan da na ara na mai da shi."

Bayan an tashi daga zaman makoki na yi niyyar in ɗan huta kafin in tayar da maganar Zahir. Ba a bar ni ba. Wata safiya mai tsaron gida ya buga mini ƙofa da kayan aikinsa a hannu.

"Baffa, sun share fili."

"Su wa?"

"Yaran. Jiya bayan La'asar. Sun tsince komai, sun kafa raga, sun yi wasan tunawa da Baba. Har sun ɗauka a waya sun baza. Na je na ce su tsaya, suka ce mini ai shekara nawa muna nan, wa zai hana."

"Mai gadin filin ya gani?"

"Shi ya buɗe musu ƙofa. Yana buɗewa yana waya."

Ban ga laifinsu ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu. Amma na san labari ya riga mu isa Zahir, kuma ya isa a karkace.

Na kira ɗan Yaya. Mutum ne mai hankali, yana aiki a ofis, yana jin Hausa sarai amma rabin amsarsa da Larabci take fitowa. Ammi yake kirana, wato baffa. Da na gama yi masa bayani sai ya ce, "Duk shekara, Ammi? Da baki?" Na ce duk shekara, da baki. Mai tsaron gida ya ɗauki nauyin gashi, domin ya sha taya Yaya a rumfa. Matar Yaya ta daka yaji ta miƙo ta ƙarƙashin labule. Tana miƙowa ta ce, "Kada ku yi mamaki in kun kasa karyawa. Shi ma ran da zai je ba ya iya cin komai. Tun asuba yake zarya banɗaki." Na ce ban taɓa sani ba. Ta ce, "Ina za ka sani? Ku dariyarsa kuke gani."

A mota ɗan Yaya ya shimfiɗa mini shirinsa. Zai nuna wa tsohon hotunan ƙungiyar a waya, ya yi tayin biyan wani abu kowane wata, ya nemi shekara biyar a rubuce. Ya ce, "Ai kai ka taɓa gaya wa Baba haka."

"Na gaya masa."

"To?"

"To ka kula da kwanar nan, kada mai ya zube a rigata."

Maganata ce ta dawo mini daga bakin ɗan mamacin, kuma da na ji ta sai ta ba ni tsoro.

Aka shigar da mu ɗakin baƙi. Mai filin yana jingine da matashi, ya tsufa ƙwarai, ganinsa ya yi rauni. Ɗansa, magidanci mai kama da shi, yana zaune gefe da waya a hannu. Ƙanshin tsire ya riga sallamarmu isa. Tsohon ya ɗaga kai yana murmushi, ya ce da Larabcin mutanen da, "Ka makara bana, abokina. Na ce ko ka samu wanda ya fi ni haƙora." Sai ya saurara. "Wannan ba takunsa ba ne. Su wane ne?"

A nan na gane abin da ba mu yi ba. Mun buga waya Jidda da Madina, mun sanar da dangin da ke Kano da Damagaram waɗanda ba su taɓa ganin Yaya ba. Ba wanda ya aika Zahir. Na durƙusa kusa da shi na ce ni ƙanen Yaya ne, wannan ɗansa ne, shi kuwa ya rasu.

Ya yi salati. Ya sa hannu yana shafa dardumar da yake kai. Sannan ya tambayi inda aka sallace shi, na ce Harami. Ya ce, "Suna kai ni can a keken marasa lafiya wani lokaci. Wataƙila na sallace shi ban san shi ba ne." Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "Kun kafa kujeru, kun sha gahawa, kun tashi. Ba wanda ya tuna akwai wani tsoho a Zahir. Amma filin kun tuna da shi. Mai gadi ya ce har an share."

Na san yadda ake ba da haƙuri da harsuna da dama, ba wanda ya zo mini a lokacin. Ɗan tsohon ya ajiye waya ya yi mana gaisuwar rashi cikin ladabi, sannan ya ce gara ya gaya mana gaskiya tun yanzu. Wani kamfani ya daɗe yana neman filin zai yi bene, 'yan'uwansa duk sun yarda, mahaifinsu ne kawai kullum yake cewa sai baɗi. Na ga hannun ɗan Yaya ya tafi aljihu inda wayarsa take. Sai ya janye shi.

Ya ce wa tsohon, "Ya Ammi, ka yafe mana. Ban san kai abokinsa ne haka ba."

"Me yake ce maka yana zuwa yi nan?"

"Ziyara."

"To ziyara ce. Nan yake zama, inda baffanka yake. Mu ci, mu sha shayi, ya ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya karye. Maganar fili ba ya yin ta a ɗakina. A bakin ƙofa yake yi, yana sa takalmi." Ya miƙo hannu. "Ku buɗe abin nan kafin ya huce."

Muka buɗe. Ya ɗauki yanka ɗaya ya daɗe yana taunawa. Ya ce yajin na abokinsa ne, gashin ba nasa ba ne, an bar shi ya wuce wuta. Ya tambayi ɗan Yaya sunan 'ya'yansa, da ko ya iya ƙwallo. Ya ce a'a. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce to gado ne. Ni dai ban iya cin komai ba. Ina kallon ɗan mai filin yana duba agogo, ina lissafin abin da zan gaya wa matasan nan in muka koma hannu wofi.

Da muka miƙe, tsohon ya sa aka ɗaga shi, ya dogara da kafaɗar ɗansa har bakin ƙofa. Na yi nufin ni zan yi magana. Kafin in buɗe baki ɗan Yaya ya sunkuya kan takalminsa, bai ɗago ba ya ce, "Ya Ammi, mun zo aron fili. Shekara ɗaya."

Ɗan tsohon ya ce, "Baba," a hankali, irin kiran da ke nufin ka tuna mun yi magana.

"Shi nakan ba shi shekara domin na san zan gan shi a ƙarshenta," in ji tsohon. "Ku yau na fara jin muryarku. Ku yi wasa zuwa watan Rajab. In ya kama, wani ya zo."

Muka yi godiya muka fito. Sai da muka hau titi ɗan Yaya ya yi magana.

"Rajab, Ammi. Kafin azumi kenan. Gasar fa?"

"Kafin azumi ne."

"Me zan ce musu?"

Na ce ya gaya musu abin da aka ce, kada ya rage, kada ya ƙara. A nan kam ban bi hanyar Yaya ba. Da yamma ya tara su a bakin filin ya gaya musu duka: filin na wane ne, yadda ake samunsa, da ranar da aron zai ƙare. Wani ya tambaya ko in Rajab ya zo za a ƙara. Ya ce bai sani ba. Wani ya ce to a ci gaba da atisayen gasar ko a dakata? Mai tsaron gida ya dube shi ya ce, "Ka ga an kafa kwano?" Ya jefa masa ƙwallo.

Yanzu ni ke zama a gefen fili bayan La'asar, a kan kujerar roba, tunda ƙafafuna sun daina son filin jirgi. Ba na gane wanda ya ci. Duk babbar motar da ta rage gudu a titin Kudai sai na bi ta da ido har ta wuce, ko ta ɗauko kwano da siminti. Watanni kaɗan na yi a haka, har likita ya ƙara mini maganin hawan jini. Yaya kuwa ya yi shekaru sama da arba'in, yana juya tsire, yana zolayar masu saye.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba shi masaukin da ba na aro ba. Allah Ya ƙara wa tsohon Zahir lafiya da nisan kwana, wannan addu'a kuwa ina yin ta ne don shi, ina kuma yin ta don mu. Muna cikin Jimada yanzu. Ɗan Yaya ya fara zuwa wurin mai tsaron gida ranar hutunsa yana koyon gashi, kuma har yanzu yana ƙona shi.